Kada A Wanke

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yayata, Uwar Tsutsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Mama, da Abban yara, da yaran, da dubban 'ya'yanki na cikin farantin gwaji. Kin ce kada in ƙara kiranki a waya kan maganar aiki, wai muryata tana cika miki kunne. To ga takarda, ki karanta sanda kika ga dama.

Yaya, albishirinki! Hoton ya fito. Ƙwayar cutar nan da kika gano a hanjin tsutsotsinki, wadda kika tace kika aiko min a kwalba bara, mun daskarar da ita mun sa a babbar na'ura, yau ga ta tar a gabana. Dunƙulalliya ce kamar ƙwallo, sai dogayen zaruruwa na furotin da suka fito daga jikinta. Kin san zaren da muka saba gani a jikin ƙwayoyin cuta sili uku ne a murɗe. Ni ma da uku na fara, na yi wata da watanni ina tursasa wa hoton ya zama uku, ya ƙi. Ashe biyar ne! Sili biyar a tufke wuri ɗaya, da siririn rami a tsakiya, da ɗan kai a ƙarshe. Ranar da na gane, ihu na yi har mai shara ta leƙo ta ga ko wuta ce ta kama.

Na kai hoton wurin taro, an ba shi lambar yabo. Na sa an buga babba an sa a firam na aika wa Mama, ina jin ya isa.

To ga inda gizo yake saƙar. Mun tura takardar binciken zuwa babbar mujalla, masu tantancewa suka ce hoto kaɗai bai isa ba. Mun ce da zaren nan ƙwayar take kama bangon hanji ta shiga, suka ce to mu nuna a jikin tsutsa mai rai. A fara ba ta zaren shi kaɗai ya toshe ƙofa, sannan a kawo cutar, a ga ko za ta kasa shiga. Abin da kika aiko min bara na hoto ne, ya riga ya mutu. Ina buƙatar tsutsotsi masu rai masu ɗauke da cutar, kuma babu mai su sai ke.

Ba zan ɓoye miki ba, kwantiragina zai ƙare ƙarshen wannan zangon. Shugaban sashenmu ya gaya min baki da baki, idan takardar nan ba ta shiga ba, in fara neman wani wuri.

Sunanki yana cikin marubuta, na huɗu cikin bakwai. Ki aiko min ko faranti kaɗan ne. Na yarda ki liƙa musu jan salatif ɗinki ki rubuta "nawa ne", kamar yadda kika yi wa kofinki da matashinki muna yara, har da kyanwar gidanmu ba ta tsira ba.

Ki gaishe min da Mama, ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Mama ma da sauƙi, ƙafar ce dai take tashi lokaci-lokaci. Ina taya ki murna. Allah ya sanya alheri.

Hotonki ya riga takardarki isowa. Mama ta sa an sauke nawa na ranar karɓar digiri, an rataye naki a wurin, daidai saitin ƙofar falo. Nawa yanzu yana lungun da ake bi a je banɗaki, sama da kwandon wanki. Maƙwabta sai zuwa kallo suke yi kamar an yi haihuwa. Matar mai kemis ta dube ni ta ce, "Ke ma kina ɗan taimaka mata, ko?" Na ce mata ƙwarai kuwa, ni ce mai ba tsutsa abinci.

Na huɗu cikin bakwai. Na gode. Ki tambayar min na biyu da na uku ko sun taɓa durƙusawa a gindin bishiyar gwaibar gidanmu suna tona ruɓaɓɓun 'ya'ya da hannu, ƙudaje na bin fuskarsu. Ki tambaye su ko sun san yadda ake zama a gaban madubin ƙara girma ana duba tsutsar da ba ta kai gashin ido ba, ɗaya bayan ɗaya, har ido ya fara ruwa, kafin a ci karo da wadda hanjinta ya narke. Ni kaɗai na gani, ni kaɗai na ce wannan ba yunwa ba ce, cuta ce, lokacin da kowa a makarantarmu yake min dariya.

Kin kuma san firizar ɗakin gwajinmu ta mutu ta tafi da duk abin da na daskarar. Bishiyar ma Mama ta sa an sare ta, saiwarta tana fasa katanga. Abin da ya rage a duniya shi ne wanda yake motsi a farantaina. Duk bayan 'yan kwanaki sai na kwashe su na mayar sabon faranti, in ba haka ba su mutu, cutar ta bi su. Shi ya sa ban zo bikin kammala karatunki ba, kika yi ta fushi. Ban san hutu ba tun da na same su.

Sannan gwajin da masu tantancewa suke nema, ai kin san nawa ne. Ni na zana miki shi a bayan ambulan a kicin ɗin Mama, na ce idan kin gama hoto ki aiko min da zaren in gwada, in samu takarda ɗaya tak da sunana a farko. Kika ce to, bakinki cike da biskit. Yanzu kuma in ɗauki tsutsotsina in miƙa miki ki yi shi a can, ya shige cikin takardarki, ni kuma ina nan a na huɗu.

Idan so kike ki ji daga bakina, e, ƙyashi nake yi. Duk sanda na ga hoton nan sai in kau da kai. Yana da kyau, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Na tsaya na ƙirga silin da kaina, biyar ne cif.

Zan duba maganar aikowa. Yanzu akwai zafi, ba sa son tafiya.

Ki huta lafiya.

Yayarki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Salama da gaisuwa. Allah ya ƙara wa Mama sauƙi.

Na karanta, na kuma karantawa. Maganar ambulan gaskiya ce, wallahi ban manta ba, abin ne ya zo min a haka. Jerin sunaye kuma ba ni kaɗai nake yin sa ba, na biyu shi ne mai kula da na'ura, ta uku ɗalibar shugaba ce. Na yi magana aka nuna min ni ma 'yar haya ce a nan.

Zafi kuma, haba Yaya. Kular ƙanƙara fa? Ai da ita kika aiko bara.

Lokaci yana tafiya. Jiya shugaba ya tsaya a bakin ƙofata ya ce, "Ina tsutsotsin yayar taki?" Na ce suna hanya. Ya yi irin murmushin nan nasa ya wuce. An riga an fara kawo wani saurayi yana zagaya ɗakin, yana duban teburina kamar mai auna labule.

Ki yi wa Allah, Yaya. In na bar nan ban san inda zan sake samun irin wannan na'urar ba, kuma ni ban iya komai ba sai ita.

Taki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Gaisuwa. Ga su nan, faranti shida, a cikin kula. Direban motar safe zai kira ki idan sun iso tasha. Kada ki bar su a rana. Abincinsu irin wanda kowane ɗakin tsutsa yake da shi ne, maƙwabtanku na hawa na biyu za su ba ki.

Allah ya ba da sa'a.

Yayarki

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ni dai ba lafiya ba, kuma ba zan yi dogon zagaye ba.

Ranar da kular nan ta iso har hawaye na yi a tasha. Na buɗe na ga farantai shida babu jan salatif ko ɗaya, na ce yau Yaya ta ba ni abu ba ta rubuta "nawa ne" a kai ba. Na rungume kular a mota kamar jaririya.

Sun zo duk funfuna, fari da kore, ga wari. Dokar gininmu ba a shigar da abu daga waje sai an tsabtace shi, don haka na bi takardar da ke manne a bango na wanke su tas, na zuba a sababbin farantai. Suka hayayyafa, suka cika ko'ina, gwanin sha'awa. Na shirya zaren, na shirya komai, na ɓata makonni. Da na zo dubawa, Yaya, babu cuta. Ko ɗaya. Hanjinsu lafiya lau, sun fi ni ƙoshin lafiya. Na gwada na sake gwadawa, na kai wa wani ya gwada, babu ko ɓurɓushin ƙwayar.

Masu lafiya kika aiko min. Da kin ce ba za ki bayar ba, da na san inda na tsaya, na nemi wata dabara tun da sauran lokaci. Amma ki haɗa kula, ki sa ƙanƙara, ki rubuta min "Allah ya ba da sa'a", alhali kin san babu komai a ciki? Ban taɓa zaton ƙyashin ya kai nan ba. Hoto ne fa a bango, Yaya, takarda ce da gilashi. A kansa za ki raba ni da aikina?

Shugaba ya daina tambayata. Saurayin nan an ba shi makullin ɗakin.

Ki gaishe da Mama. Kada ki gaya mata, ni zan gaya mata da kaina.

Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Malama mai hoto,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, tun da kin tambaya.

Kin wanke su. Innalillahi. Sai da na ajiye takardarki na zagaya ɗaki na dawo na sake karanta layin, ko idona ne. Kin wanke su tas, har kina yabon kanki.

Da me kika wanke? Bari in faɗa miki, da ruwan bilic na fitar da datti, don shi ne a rubuce a bangon kowane ɗakin tsutsa. To saurara, tun da a duk karatun naki ba a koya miki ba. Bilic yana narkar da funfuna, ya narkar da uwar tsutsa, ya narkar da duk abin da ke cikin hanjinta. Ƙwai kaɗai yake bari, saboda ɓawonsa. Ita kuma cutar nan ba ta shiga ƙwai, ta baki ake ɗaukarta. Duk abin da ya ƙyanƙyashe bayan wanki lafiyayye ne. Haka muke warkar da su idan muna son masu lafiya. Kin ɗauki marasa lafiyar da na yi shekaru ina jinya don su ci gaba da ciwo, kin yi musu magani rana ɗaya, sannan kin juyo kina ce min maƙaryaciya.

Funfunar da kika raina, da ita suka fito daga gwaiba, da ita suke zaune. Ɗakin gwajina yana wari, na sani, kin taɓa toshe hanci a bakin ƙofa kina dariya. A cikin warin nan abin da ya kai ki taro yake rayuwa.

Mafi kyawun farantaina na zaɓa miki, waɗanda cutar ta fi kamawa. Na rage wa kaina 'yan kaɗan masu rauni, yanzu lallaɓa su nake yi. Kin san siffar zaren nan sili-sili, kin san inda ya lanƙwasa da inda ya miƙe, amma ba ki taɓa ganin tsutsar da yake kashewa ba. Da kin ɗora faranti ɗaya a madubi kafin ki kai shi wurin wanki, da kin ga hanjin da idonki. Ba ki duba ba, don a wurinki datti ne kawai ya zo daga gida.

Wai in raba ki da aikinki. Ni da aka mayar lungun banɗaki, ni ce kuma mai laifi. Abin da ya rage a hannuna ba zan ba mai wanki ba, ki ji da kyau.

Ki zauna lafiya.

Ta huɗu cikin bakwai

Daga Mama zuwa ga Auta

Autata,

Ina gaishe ki, ina sa miki albarka. Ƙafa da sauƙi. Rubutun ne dai sai a hankali, idon ya tsufa, tun da na ajiye keken ɗinki ban riƙe abu siriri kamar alƙalami ba.

Kin kira ni kina kuka, yayarki ta zo tana cika tana batsewa, kowacce ta ce kada in gaya wa ɗayar. To na gaji. Ni ban san zare biyar ba, ban san uku ba. Abin da na gani a hoton nan, ƙwallon da nake soke allurai ne, sai dai an yi masa kala. Na rataye shi ne don ke ba kya nan, in na ɗaga kai in ga abin da hannunki ya yi. Ita kuwa kullum tana gabana, me zan yi da hotonta? Ashe laifi na yi.

Tun da aka rataye shi yayarki ba ta ƙara shigowa ta falo ba. Ta ƙofar kicin take zagayowa, mace da 'ya'yanta, kamar mai kawo gawayi. Ranar nan na leƙo na same ta tsaye a gabansa ita kaɗai, ta sa yatsa a gilashin tana ƙirge. Da ta ji motsina sai ta ce ƙura take gogewa.

Kin ce ba ta aiko miki da na gaske ba. Wannan kam ban yarda ba. A kan teburina ta haɗa kular nan kafin ta wuce tasha, ta hana ni ko matsowa. Ta daɗe a kai, tana sawa tana fitarwa, fuskar nan a murtuke. Bayan ta tafi sai da na share guntayen jan salatif ɗin nan nata a ƙarƙashin kujera, duk sun manne min a tsintsiya. Wanda zai aika abin banza ba ya shan wannan wahalar.

Ranar da aka sare gwaibar nan ta zauna a kan kututturen ta yi kuka kamar an yi mutuwa. Ban gane ba sai yanzu. Da na sani da na bar katangar ta faɗi.

Na sauke hoton naki, na sauke nata na lungu, duka biyun suna bayan kabad suna kallon bango. Ƙusar tana nan tsirara. Masu zuwa suna tambaya, na ce an kai gyara.

Ke ce ƙarama, ki rubuta mata. Ba na son in ji an kore ki, ba na kuma son 'yata tana shigo min gida ta kicin.

Allah ya yi muku albarka, ya shirya min ku.

Mamanku

Daga Auta zuwa ga Yaya

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Abban yara da yara.

Na yi kuskure, ni na kashe cutar da hannuna. Na hau hawa na biyu na nuna wa masu tsutsa wasiƙarki, babbarsu ta riƙe kai ta ce, "Wa ya ce ki wanke?" Na ce bango. Ba ta yi dariya ba, ta dai ce in zauna in sha ruwa. Na kira ki maƙaryaciya a kan abin da ni na ɓata. Ki yafe min.

Kin ce ƙyashi kike yi. To bari ki ji nawa, don kada ki ɗauka ke kaɗai ce. Duk sanda na kira Mama, kafin in gama sallama ta fara, yayarki ta kai ni asibiti, yayarki ta canza min maganin ƙafa, yayarki ta ce kaza. Ranar da na gaya mata an ba ni lambar yabo, ta ce madalla, sannan ta ce bari ta buɗe miki ƙofa, ta kashe wayar. Na zauna a ɗakina da lambar a cinya, babu wanda zan nuna wa. Na aika hoton nan ne don in samu ko ƙusa ɗaya a gidanmu. Kuma a wurin taron, duk wanda ya tsaya a gabansa tambaya ɗaya yake yi, wa ya gano ƙwayar? Na'ura kowa zai iya koya. Ni ban taɓa gano komai ba, Yaya, abin da kika gano nake ɗauka hoto.

Akwai abin da zan tambaye ki. Babbar masu tsutsa ta ce duk mai aika marasa lafiya yana rubuta "kada a wanke" a kan murfi, don ya san dokar irin gininmu. Na ce ai kuwa yayata ko kofi ba ta bari babu rubutu. Sai na je na ciro murafan farantanki daga inda na ajiye su. Kowanne akwai sawun danƙo a kansa, dogo, daidai faɗin salatif ɗinki, har da ɗan ja a gefen ɗaya. Mama kuma ta ce ta share guntaye a ƙarƙashin kujera.

Kin liƙa, sannan kin ɓare. Ni kuma na gani na ɗauka sulhu ne, har ina kuka a tasha. Me aka rubuta a kai, Yaya? Ba don in rama nake tambaya ba, ni ma da na duba madubi da ba mu kai nan ba. So nake in sani kawai.

Mujalla ta ƙara min ɗan lokaci, na ƙarshe. Na yi tunani. Idan kin yarda, zan aiko miki da zaren, ki yi gwajin a ɗakinki kamar yadda kika zana a ambulan, in sa sunanki a farko. Shugaba ya ce idan sunana ba shi ne a farko ba, takardar ba za ta hana a sallame ni ba. Na ji, na kuma yarda. Gara ta fito da sunanki da ta mutu a aljihun tebur.

Idan kuma ba kya son ko ɗaya, ki dai riƙa shiga ta falo. Mama ta sauke hoton.

Ƙanwarki,
Auta

Daga Yaya zuwa ga Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya.

Kada ki aiko da zaren, kafin ya zo ya koma lokacinki ya ƙare. Ina tafe da kaina a motar safe ranar Asabar, kular a kan cinyata, da duk abin da ya rage min. Ki share min gefen teburi, ki gaya wa saurayin nan ya matsa, ki kulle bilic a kabad ki ba ni makullin.

Sunanki ya zauna a farko. Ba kyauta na yi miki ba, ba na son ki dawo gida ne ki ƙwace min kai Mama asibiti. Wanda zai zo na biyu a jerin kuma, ni da shugabanku za mu yi magana.

Tambayarki ba zan amsa ba.

Kowane faranti na liƙa masa "kada a wanke", manya-manya. Na liƙa wani a murfin kular, na ɗauki alƙalami zan rubuta "namu ne", hannuna ya ƙi. Har yanzu ina jin haushin hoton nan, ko yana bayan kabad. Na bar salatif ɗin babu rubutu.

Ki zo tasha da alƙalami.

Yayarki,
Uwar Tsutsa